Jawabi kan ciwon mafitsara mai daɗewa, ga iyaye mata da wakilan lafiya na jihar Agadas

 

Mun saba haɗuwa a kan abincin yara da shayarwa da awon dantse. Yau maganar ta uwa ce da kanta, domin lafiyar yaro a jikin uwarsa take rataye. Akwai wani ciwo da mata da yawa ke ɗauke da shi shekara da shekaru ba su faɗa wa kowa ba, saboda wurin da yake wuri ne na kunya. Mace ta riƙa jin zafi ko nauyi a mara, fitsari ya matsa mata dare da rana, ta sha maganin sanyi har ta gaji, a auna fitsarinta a ce ba a ga kome ba. Daga nan sai a fara cewa raki ne, ko sammu, ko iska. Alhali ciwo ne da likitoci suka sani, yana da suna, kuma akwai hanyoyin sassauta shi. Sunansa ciwon mafitsara mai daɗewa. A takardar likita da Faransanci za ku ga an rubuta cystite interstitielle ko syndrome douloureux vésical.

Yadda ciwon yake

Mafitsara jaka ce ta tsoka da ke ƙasan mara, wadda ke tara fitsarin da ƙoda ke tacewa. Ta babban mutum tana ɗaukar abin da ya kusa rabin lita, kuma mai lafiya yakan zaga kamar sau 4 zuwa 8 a yini. Cikinta a shafe yake da wata ƴar fata mai santsi, kamar yadda ake dalaye tukunya don kada ruwa ya ratsa ta. Wannan shafen ne ke hana gishiri da tsamin fitsari taɓa naman da ke ƙarƙashi.

Masana suna ganin abubuwa uku ne suka fi haɗuwa a wannan ciwo. Na ɗaya, shafen nan ya yi rauni, fitsari ya riƙa ratsawa yana ƙona nama. Na biyu, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi su zama masu saurin tashi, har ɗan fitsari kaɗan ya riƙa zama kamar mafitsara ta cika maƙil. Na uku, tsokokin ƙasan ƙugu su ɗaure saboda daɗewar zafi, ɗaurewar kuma ta ƙara zafin. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Saboda haka ba a ɗaukarsa daga miji ko daga bayan gida, ba ya bin nono zuwa ga jariri, kuma ba alamar rashin tsabta ko rashin kamun kai ba ne. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, amma maza ma suna yin sa.

Ciwon ba sabo ba ne. Tun a 1887 wani likita a Amurka, Alexander Skene, ya ba shi sunan da ake kiransa da shi har yau. Wajen 1915 kuma wani likitan mata na birnin Baltimore, Guy Hunner, ya bayyana wasu jajayen gyambuna da ake gani a bangon mafitsarar wasu masu ciwon. Kaɗan ne daga cikinsu ke da gyambon. Mafi yawa in an leƙa ba a ganin kome, amma zafin yana nan.

Alamomin da ake gane shi da su

Babbar alama ita ce zafi, ko nauyi, ko matsi a mara, wanda ke ƙaruwa yayin da mafitsara ke cika, ya ɗan lafa bayan an yi fitsari, sannan ya dawo. Sai yawan zagawa, fitsarin kuma kaɗan kaɗan. Wadda abin ya tsananta gare ta tana iya zagawa har sau 60 tsakanin dare da rana. Sai tashin dare sau da yawa, da jin zafi lokacin saduwa da miji ko bayanta. Ciwon yakan tashi ya kwanta: ya yi kwanaki yana cin ta, ya lafa na makonni, ya sake tasowa gab da haila, ko bayan doguwar tafiya a mota ko bisa raƙumi, ko lokacin damuwa, ko bayan cin wani abinci.

Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka tana kiran ciwo da wannan suna in ya wuce mako 6 kuma awo bai nuna ƙwayar cuta ko wani dalili ba. Masanan Turai sukan ce wata 6. Abin da ya shafe mu a nan shi ne: ciwon marar da ya ƙi jin magani har ya haura wata ɗaya da rabi ba na zama a gida ba ne.

Cututtukan da ke kama da shi

Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne haɗari yake. Ba a cewa mace tana da wannan ciwo sai an tabbatar ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, kuma yawancinsu suna warkewa sarai in an kama su da wuri.

Na farko, ƙwayoyin cuta a hanyar fitsari. Shi ne ya fi yawa. Yana zuwa farat ɗaya da raɗaɗin fitsari, fitsarin ya yi duhu ko wari, kuma yana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin ƴan kwanaki. Ga mai ciki ba abin wasa ba ne, domin yana iya hawa ƙoda, ya kuma jawo haihuwa kafin lokaci.

Na biyu, tsargiya. Tsutsarta tana shiga ta fata in an yi wanka ko wanki a ruwan da ke kwance mai ƙananan dodon koɗi. Ta fi yawa a bakin kogin Kwara da wuraren noman rani da tafkuna, amma an same ta har a wasu ruwayen tsaunukan Abzin. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Maganinta praziquantel, wanda ake rabawa a makarantu da garuruwa a ƙasarmu tun 2004. In an bar ta shekaru tana lalata mafitsara, tana kuma iya kai wa ga ciwon daji.

Na uku, tsakuwa a mafitsara ko ƙoda, wadda ta yawaita a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwa irin namu. Na huɗu, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, waɗanda dole a yi wa miji da mata magani tare. Na biyar, yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, inda fitsari ke zuba ba tsayawa. Wannan aiki ake yi masa, a cibiyar ƙasa da ke Yamai, da asibitin Danja kusa da Maradi, da wasu asibitocin jihohi. Akwai kuma ciwon sukari, da tarin fuka da ya sauka hanyar fitsari, da cututtukan mahaifa.

Saboda haka, in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana: jini a fitsari, zazzaɓi da ciwon kwiɓi ko amai, fitsari ya tsaya cak, ciwon mara ga mai ciki, fitsari na zuba da kansa bayan haihuwa, ramewa ba dalili.

Abin da za a yi miki a asibiti

Ki fara da gidan likitan ƙauyenku ko cibiyar CSI mafi kusa. Za a tambaye ki yaushe ciwon ya fara, sau nawa kike zagawa, wane magani kika sha. Ki faɗi gaskiya duka, har na gargajiya da na masu talla. In kina jin nauyin namiji, ki nemi ungozomar asibiti. Za a tsoma ɗan tsinken awo a fitsarinki. In ana bukatar ƙari, za a tura ki asibitin gunduma, kamar na Arlit ko Cirozerin ko Bilma, ko babban asibitin jiha da cibiyar lafiyar uwa da yaro da ke cikin garin Agadas, inda ake awon fitsari mai zurfi da ake kira ECBU da hoton ciki. Leƙa cikin mafitsara da siririn bututu mai fitila aikin ƙwararrun likitocin mafitsara ne, irin waɗanda ke manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram.

Kafin ki je, ki yi ƙidaya ta kwana 3. Ba sai kin iya rubutu ba. Ki ajiye gwangwani biyu, ɗaya na rana ɗaya na dare. Duk lokacin da kika zaga, ki jefa ƙwallon dabino ɗaya. Da safe ki ƙirga, wakiliyar lafiya ta rubuta miki. Wannan ƙidaya tana gaya wa likita abin da baki ba zai iya tunawa ba, kuma da ita za a gane daga baya ko magani yana aiki.

Ruwa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rage shan ruwa don a rage zagawa. Dalilin a fili yake: kewaye yana nesa, dare ya yi, ana son alwala ta daɗe, ruwan ma sai an sayo ko an jawo daga rijiya. Amma in ruwa ya yi kaɗan a jiki fitsari yakan yi kauri, mai kauri kuwa ya fi ƙona mafitsara, ya kuma buɗe ƙofa ga tsakuwa da ƙwayoyin cuta. A Agadas, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu da Yuni, jiki yana zubar da ruwa ta gumi ko ana zaune a inuwa. Mai shayarwa kuma tana ba da wani ruwan a nono.

Ki riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun safe har la'asar, kada ki kwankwaɗi kwano guda a lokaci ɗaya. Abin da bai gaza lita ɗaya da rabi zuwa 2 ba a yini, fiye da haka in ana zafi ko kina shayarwa. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne launin fitsari: in ya yi fari-fari, ruwa ya isa, in ya yi ja kamar shayi, ki ƙara. Ki rage sha kamar awa 2 kafin kwanciya don ki samu barci. Game da alwala da azumi, addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. Ki tambayi malami ko malama, ki kuma gaya wa likita kafin watan azumi ya kama.

Abinci

Abinci ba shi ke haddasa ciwon ba, amma wasu abubuwan ci da sha suna tayar da shi ga mutane da yawa. Waɗanda aka fi sani su ne shayi mai ƙarfi da kofi, lemon kwalba mai gas, lemon zaƙi da lemon tsami, tumatir, da barkono. A nan garinmu sai mu sa ido kuma a kan goro, da abubuwa masu tsami irin su zoɓo da tsamiya, da yajin jego. Mun san matsayin shayi a ƙasar Abzin, ba a karɓar baƙo ba tare da shi ba, kuma kofin farko shi ya fi ƙarfi. Mun san daɗin lemon Timiya. Ba muna cewa ku bar su har abada ba ne. Kowace mace da abin da jikinta ke ƙi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga yadda za ki gane naki. Ki ajiye waɗannan abubuwa duka har mako 2, kina ci gaba da ƙidayar ƙwallon dabino. In ciwon ya ragu, ki dawo da abu ɗaya kawai, ki jira kwana 3. In bai tayar miki ba, ki ci gaba da cinsa, ki gwada na gaba. Wanda ya tayar, shi kaɗai za ki bari ko ki rage. In mako 2 ya wuce ba ki ga bambanci ba, ki koma cin abincinki yadda kika saba.

A nan aikinmu na abinci mai gina jiki ya shigo. Kada tsoron ciwo ya sa uwa ta koma tuwo da ruwa kawai. Mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa bukatar abinci iri-iri. Gero, alkama, shinkafa, wake, ƙwai, nama, madarar akuya ko ta raƙumi, dabino, kabewa, karas, kabeji, dankalin lambunan Tabelot, zogale da kuɓewa, galibi mafitsara ba ta ƙin su. In kin bar lemo da tumatir, ki maye gurbinsu da ganye da kabeji da dankali. Rage shayi kusa da cin abinci yana da wata riba, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Kada mai ciki ta daina shan ƙwayoyin ƙarin jini na awon ciki. In suna sa ta taurin bayan gida, ta faɗa wa ungozoma, domin taurin bayan gida ma yana ƙara ciwon mara. Kuma kada a yaye yaro saboda wannan ciwo. Nonon uwar lafiya lau yake: nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2.

Abin da za ki iya yi a gida

In ciwon ya taso, ki ɗora tsumma mai ɗumi ko buta mai ruwan ɗumi a mara, ba mai ƙuna ba. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki ja numfashi a hankali har ciki ya taso, ki sake shi, kina sakin tsokokin ƙasa kamar za ki yi fitsari. Motsa jikin matse gaba da ake koya wa mata bayan haihuwa bai dace da wannan ciwo ba, domin tsokar a ɗaure take, saki take bukata.

A kwanakin da ciwon ya lafa, ki koya wa mafitsara haƙuri. In kina zagawa kowane rabin awa, ki ƙara minti 10 ko 15 a kai har mako guda, sannan ki sake ƙarawa. Kada ki riƙe har zafi ya tsananta. Sannu ba ta hana zuwa. Ki yi tsarki da ruwa zalla, daga gaba zuwa baya, ban da sabulu mai ƙamshi da turare a wurin.

Magungunan likita

Gaskiyar magana, har yau ba a samu maganin da ke tumɓuke wannan ciwo gaba ɗaya ba. Amma mafi yawan masu shi suna samun sauƙin da za su yi barci, su yi aiki, su rayu da iyalinsu. Likita yakan fara da abin da muka faɗa, sannan ya ƙara parasitamol. In bai isa ba, akwai amitriptyline kaɗan da dare, mai kwantar da jijiyoyin zafi, sai dai yana sa barci da bushewar baki. Akwai kuma hydroxyzine. Waɗannan sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma likita ne kaɗai ke rubuta su, bayan ya san ko kina da ciki ko kina shayarwa. A manyan asibitoci ana zuba magani cikin mafitsara ta bututu, ko a buɗa ta da ruwa bayan an sa barci, ko a ƙone gyambon Hunner in an gan shi.

Abubuwa huɗu kuma mu guje su. Maimaita maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da awo ba: ba ya taɓa wannan ciwo, yana cin kuɗin cefane, kuma yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani ranar da ake bukatarsa da gaske. Tiramol na masu talla: yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi. Cusa kanwa ko ganye ko gishiri a gaba: yana ƙona fata ya ƙara ciwo. Sai yankan gishiri, wanda ake yi wa wasu mata da sunan maganin wahalar fitsari ko zafin saduwa: ba ya warkar da kome, yana jawo zubar jini da yoyon fitsari, kuma tun 2003 dokar Nijar ta haramta yi wa mata kaciya. Mai ciki kuma kada ta sha ibuprofène ko diclofénac sai da izinin likita.

Ga wakilan lafiya

Ku ne kuke shiga gidajen da likita ba ya shiga. In kun je awon dantsen yaro, ku dubi uwar ma. Uwar da ke tashi sau 10 a dare ba za ta iya dama kunu a kan lokaci ba, wadda ke tsoron doguwar hanya saboda fitsari kuwa ita ce za ta fasa kawo yaro ranar karɓar abincin tamowa. Kafin ku rubuta cewa ta yi sakaci, ku tambaye ta lafiyarta. Ku ja ta gefe, ba a gaban kishiya ko uwar miji ba. Ku tambaya a hankali: Inna, ko fitsari yana damunki? Sau nawa kike tashi da dare? Akwai jini? Tun yaushe? Wakili namiji ya nemi wakiliya ko ungozoma ta yi tambayar. Abin da aka faɗa muku amana ne, kada ya fita.

Ba aikinku ba ne ku sa wa ciwo suna ko ku ba da magani. Aikinku ku saurara, ku gane alamomin haɗari, ku tura asibiti, ku koya ƙidaya da shan ruwa da gwajin abinci, ku koma bayan mako 2 ku ji yadda ta kwana. In ta yarda, ku yi wa maigida bayani cewa ciwo ne na gaske, ba ƙiyayya ba ce, kuma ba daga waje ta ɗauko shi ba. Aure da yawa yana girgiza a kan wannan rashin fahimta. Ku tunatar da masu ciki cewa awon ciki kyauta ne a asibitocin gwamnati, haka ma maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, tun 2006. Ku kuma tuna cewa yaro mai tamowa yakan kamu da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da wata alama bayyananna ba. In ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi abinci, ko yana kuka lokacin fitsari, a kai shi a ranar.

Iyayenmu mata, ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. In kin ji wannan jawabi kin gane kanki a ciki, ki fara ƙidaya yau, ki je awo cikin wannan mako. In maƙwabciyarki kika gane, ki isar mata a asirce. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a. Yanzu sai tambayoyinku, wadda kuma take son magana a keɓe, muna nan bayan an tashi.